Tattakin Maharazu zuwa Rugar Boyi

Tasalla mai waina ce ta fara kawo mani labarin nan, tun tandarta ba ta huce ba. Ko sallama ba ta ƙarasa ba ta zube a tabarmata, tana dariya tana share hawaye da bakin gyale. Na ce mata in kuka take yi ta yi abinta, in dariya ce ta ba ni rabona. Abin da ita ba ta gani ba daga baya na tsinta a bakin waɗanda suka je, don ni ranar gwiwa ta hana ni fita.

Tushen abin daga Jamilatu ne, ma'aikaciyar lafiya da ke zagaya gidajen unguwarmu. Ta tara mu mata a gidan mai unguwa Dabo, ta faɗa mana abin da ba mu son ji: yaranmu sun yi nauyi. Mu kuwa a ganinmu yaro mai kumatu shi ne shaidar ana ci a gidan ubansa. Ta ce yaron da ke haki tsakanin ɗaki da zaure ba lafiya ce ta yi masa yawa ba, kuma ciwon suga yanzu ba ya jiran mutum ya yi furfura. Ba ta yi ƙarya ba. Garin nan namu na bakin iyaka, duk wani abu mai zaƙi ta nan yake ratsawa, biskit ne, alawa ce, lemon kwalba ne, kuma kowane kwali sai ya yi yoyo a gidan wani. Ga babur. A Illela in ka aiki yaro sayen ashana, sai ya tsaya ƙofar gida jiran wanda zai goya shi.

Muka yi shawara tsakaninmu. A rage zaƙi, zogale da rama su dawo tukunya, yara su riƙa zuwa makaranta a ƙasa, bayan la'asar a kore su waje su yi wasa. A hankali muka fara, ba kiɗa ba shela.

Sai maganar ta faɗa kunnen Maharazu.

Maharazu ɗan canji ne. Daga hantsi zuwa la'asar yana kan benci guda, sefa a dama naira a hagu, abin da ke motsi a jikinsa yatsu ne da baki. Tumbinsa kan riga shi shiga ɗaki. Masallaci katanga ɗaya ce ta raba shi da gidansa, amma a babur yake zuwa, kuma yana goge babur ɗin nan fiye da yadda yake wanke fuskarsa. Na san shi tun yana goye. Zuciyarsa fara ce, bakin ne dai ya yi masa yawa. 'Yarsa Shahida tana cikin yaran da Jamilatu ta nuna, don ba ya dawowa gida hannu sake, kullum da ledar biskit.

Ranar da ya ji, ya iske majalisa ta cika a ƙofar mai unguwa. Ko sauka daga babur bai yi ba ya fara.

"Wai mata sunka zauna za su rage ma yara ƙiba da zogale! Zogale! Wanga aiki na maza na. Ni na ga yadda aka horas da soja a Konni da idona. Ku ba ni ɗiyan unguwag ga yini guda. In kai su rugar Boyi a ƙasa, in maido su a ƙasa. Wallahi sai uwayensu sun rage masu wando."

Mannir ɗan kabu-kabu yana wurin, kuma taubashinsa ne, yana da lasisin faɗa masa kome.

"Kai? A ƙasa? Maharazu, yaushe rabon da ƙasa ta ga tahin sawunka? Ai ko ta gan shi ba ta gane shi."

Majalisa ta kwashe da dariya. Maharazu ya sauko, ya zare makullin babur, ya jefa a tabarmar mai unguwa.

"Ga shi nan, ranka ya daɗe. In na hau babur ran nan kahin mu dawo, ko nawa ko na wani, a riƙe makullin ga har ruwan hwarko ya sauka."

Lokacin kuwa bazara ce ta fara kamawa, ko hadari ba a fara gani ba. Mai unguwa Dabo mutum ne mara yawan magana. Ya ɗauki makulli, ya zura a aljihun gaba.

"Kowa ya ji?"

"Mun ji!"

Maharazu ya zaɓi Lahadi, ranar kasuwa. Da ranar ta zo, matarsa Latifa ta ce, "Baban Shahida, ka bari sai wata rana. Yau gari cike yake."

"Don haka naz zaɓe ta. So kike in yi wanga babban aiki ba wanda ya gani?"

Ya shige ɗaki ya daɗe. Da ya fito, kajin gidan ma sai da suka watse. Ya sayo wata riga a gwanjo, irin ta ƙasashen ƙanƙara, mai kumburi, ja jawur, ya ja zif har maƙogwaro. Wai wani ya gaya masa gumi kitse ne yake narkewa. Ga kambas da suka yi masa kaɗan, ga usur a wuya. A cikin zafin Illela, jama'a, zafin da ƙadangare ke neman inuwa.

Tasalla tana ƙofar mai unguwa da tandarta lokacin da ya iso. Ta ce, "Maharazu, katifa kas sanyo?"

"Kayan horo na. Ke dai ki ji da wainarki."

Yara suka taru, maza da mata, kowa uwarsa ta shafe shi da mai kamar ranar Sallah. Ya jera su, ya busa usur. Akwai hanya ta bayan unguwa da ke ratsa gonaki ta kai ka rugar Boyi ba wahala. Maharazu ya juya mata baya, ya nufi tsakiyar kasuwa da su, yana jefa hannuwa yana ihun "Hagu! Dama!" Shi kansa in ya ce hagu, dama yake ɗagawa.

Shagon farko mai shi ya ga 'ya'yan maƙwabta jere, ya ɗebo alawa da hannu biyu. Maharazu ya tare.

"A'a, a'a! Yau ba zaƙi!"

Mutumin ya ɓata rai. "Ɗiyan unguwarmu su wuce gaban shagona hannu sake? Ni kar raina ko kyautar?"

A wurinmu ba a mayar da hannun kyauta, balle a bainar kasuwa. Maharazu ya ce to ɗaya-ɗaya. Na kusa da shi ya ga haka, ya ce shi ba za a fi shi ba, ya fasa kwalin biskit. Na gaba ya kawo cincin. Wani ya miƙo madarar leda. Kafin su kai layin masu atamfa, aljihun kowane yaro ya kumbura, kumatu sun cika, ba mai iya amsa "Dama!" sai gurnani.

Can sai ga shagon Alhaji Muhyiddeen, uban Latifa. Maharazu ya manta surukinsa a layin nan yake. Ya zube ƙasa zai gaishe shi, rigar ta yi wani huci kamar an zauna a kan salka.

"Baba, ina kwana."

"Lahiya lau. Mi aka yi haka?"

Ido a ƙasa ya amsa, murya kamar ba shi ke ihu ɗazu ba. "Tattaki na, Baba. Na rage ma yara ƙiba."

Alhaji ya jawo Shahida, ya juya ta, ya duba wuyanta. "Wace ƙiba? Jikata ma ramewa tay yi. Ba ka ba ta abinci?"

"Ana ba ta, Baba."

"Cikin wagga rana za ka ja su ba abin jiƙa maƙoshi? Kai, ku hiddo kwalin lemo."

Duk wanda ya taɓa aure ya san ba a ce wa suruki a'a. Ko kallon idonsa ba a yi. Aka fito da kwali mai nauyi, yara suka gwada ɗauka suka kasa.

Alhaji ya ce, "Ku ɗora mashi bisa kai. Ai shi na babba."

Haka shugaban rage zaƙi ya fita kasuwar Illela da kwalin lemo a ka.

A bakin kasuwa wata fitina ta tarye shi. Ubannin yaran sun ce za su yi rakiya, kuma rakiya a garin nan da babur ake yin ta. Suka jeru a baya suna tafe a hankali. 'Yan kabu-kabu suka ga jerin babura da mutum cikin jan kaya a gaba, suka ɗauka siyasa ce, watakila za a raba mai. Suka biyo suna danna oda. Wani ya matso kusa da shi.

"Yallaɓai, kansila za ka tsayawa?"

"Ka ba ni wuri!"

"To wace jam'iyya ta mai jar katifa?"

Ba su yi nisa da gidajen ƙarshe ba Abba ɗan Umaru ya ce ƙafarsa. Umaru ya tsaya, ya ɗora shi a tanki. Maharazu ya juyo da kwali da kome.

"Umaru! Sauke yaron nan!"

"Ɗana na, ba ɗanka ba. Kai kay yi alkawali, mu ba mu yi ba."

Shi ke nan an buɗe ƙofa. Wannan ya ce ƙaya, wancan ya ce ciki, wata ta ce takalminta ya tsinke alhali yana ƙafarta lafiya lau. Ɗaya bayan ɗaya suka haye. Kuma da yake mai zama a babur ya yi daidai da kan mai tafiya a ƙasa in ya ɗan miƙe, sai yaran suka gano ba sai sun roƙi kowa ba. Babur ya matso, hannu ya shiga kwali, kwalba ta fito. Maharazu ya ji kayan suna raguwa, ya ce a ransa ƙarfi ne ya fara zuwa masa.

Mutum biyu kaɗai suka rage a ƙasa, shi da Shahida. Yarinyar tana haki, fuskarta sharkaf, amma ta ƙi hawa. Ta ce, "Baba, in riƙe maka usur ɗin?" Allah ya yi wa yarinyar nan albarka.

Mannir kuwa ya ƙi ɗaukar kowa. Ya bar bayan babur ɗinsa fayau, yana tafe daidai kafaɗar Maharazu yana bubbuga kujera.

"Taubashi, ga wuri. Sabon soso na sa mata."

"Ko mutuwa zan yi."

"Ba mai hwaɗi. Mu nan duk makahi muke."

"Mannir, in na aje kwalin ga sai na karya ka."

"Aje shi mana. Ai ba kome ciki."

Sai lokacin ya sauke ya leƙa. Kwalba ɗaya ta rage, ita ma wani ya buɗe ya sha rabi ya mayar.

Da suka isa ruga, gumi ya cika masa kambas har suna kuka in ya taka. Boyi ya fito da sandarsa, ya ga baƙi cike da fili, ya yi maraba, ya sa aka shimfiɗa tabarmi a inuwa. Matarsa Asta ta tsaya tana duban Maharazu da tausayi.

"Wanga bawan Allah masassara shika yi? Don mi anka naɗe shi cikin bargo?"

A ruga baƙo ba ya komawa bai sha ba. Nan da nan ƙore suka fito, fura da kindirmo mai kauri, har man shanu na yawo a sama. Maharazu ya shirya tun daga gida zai ce ruwa kawai za a ba yara. Ya buɗe baki zai faɗa, sanyin ƙwaryar ya taɓa masa hannu. Ya ce bari ya kurɓa kaɗan kada a ce ya raina. Da ya ɗago kai, ƙwaryar ba ta bukatar wanki. Asta ta ƙaro masa. Wannan ma kada a ce ya raina.

Da ciki ya ɗauka, baki ya dawo. Ya miƙe ya ce a taru za a yi motsa jiki. Har 'ya'yan Boyi ya kira, yaran da tun asuba suke bayan shanu, yanzu suka dawo daga mashaya, kowanne siriri kamar sandar ubansa. Ya jera su ya fara yi masu huɗuba.

"Ku ma ku koya. Zama wuri guda shi ka kashe mutum. Jiki motsi shika so."

Yaran suka dubi tumbinsa, suka dubi juna.

Boyi ya ce, "Malam, kada ka busa abin ga kusa ga garke. Akwai saniya mai sabon maraƙi, ba ta son hayaniya."

"Ni da ka tsayawa gaban direbobin tirela kullum, saniya za ta ba ni tsoro? Matsa ka ga aiki."

Ya je daidai bakin garke, don a can fili ya fi faɗi. Ya cika kumatu ya busa usur iya ƙarfinsa, ya daka tsalle, ya ware hannuwa da ƙafafu, rigar tana fuu, fuu. Ya sake. A tsalle na gaba maraƙi ya yi kuka, uwar ta sunkuyar da kai ta taho.

Waɗanda suka gani sun ce ba su taɓa sanin Maharazu yana da gudu ba. Shi ma bai sani ba. Ya zagaya bukka, saniya ta zagaya. Ya tsallake turmi, kambas ɗaya ta fita ta bar shi. 'Ya'yan Boyi tuni suka janye yaran gari bayan shinge, ita kuwa saniyar ko kallonsu ba ta yi ba, jan abin nan mai tsalle take so. Mannir ya riga ya tayar da babur, yana zaune yana hamma. Maharazu ya faɗa bayansa kamar buhun albasa, ya ƙanƙame shi.

"Ja! Mannir, ja don Allah!"

"Alkawali hwa?"

"Ja nac ce! Alkawali ba shi da ƙaho!"

Boyi ya kira saniyar da sunanta sau ɗaya, ta tsaya, ta koma wurin ɗanta tun babur bai bar ruga ba. Amma Maharazu ya rufe ido gam, ya cusa fuska a bayan Mannir.

"Tana nan?"

"Tana nan! Ga huci nata ga wuyana!"

"Ƙara wuta!"

Sauran masu babura suka ga abin kallo zai wuce su, suka bi a guje suna oda. Kowane uba ya ɗauka wani ya goyo masa ɗa. Mannir bai bi gajeriyar hanya ba. Ta tsakiyar kasuwa ya ratsa, ta gaban shagon Alhaji Muhyiddeen, yana tafe yana shela, "Ku kauce, saniya na biye!" Mutane suna leƙawa ba su ga ko akuya ba.

A ƙofar mai unguwa dattawa suna kan tabarmi, mata sun jera randunan ruwan sanyi da zoɓo mara suga don tarbar 'yan tattaki. Mannir ya taka birki a tsakiyarsu, ya kashe babur.

"Sauka, taubashi. Mun tsira."

Maharazu ya buɗe ido. Ƙafa ɗaya kambas, ɗaya safa mai huji, usur ya koma ƙeya. Ya sauko.

Mai unguwa ya ce, "Sannu da tattaki, Maharazu. Ina yaran?"

Ya waiwaya. Babura sun cika layi, ba yaro ko ɗaya a kai.

"Taimako naz zo nema, ranka ya daɗe."

Jamilatu ta ce, "Taimakon wa? Naka ko nasu?"

"Ba saniya ɗaya ba ta! Garke na gaba ɗaya! Ni naj janye su don kada su taɓa yara."

Mannir ya ce, "Gaskiya na. Ya janye su har kasuwa. Sai dai ni ban ga ko guda ba."

Iklima matar Umaru ta ajiye moɗa ta nufi mijinta. "Kai kuma da kab buɗe baki kana dariya, ina Abba? Kun tahi da ɗiyan mutane kun baro su daji kun dawo kallo?"

Nan fa matan suka juya kan mazan. Dariya ta koma ciki. Suka juya babura simi-simi suka koma ɗauko yara.

A hanyar gonaki suka haɗu da su. Asta ce a gaba da ƙwaryar nono a ka za ta kasuwa, 'ya'yanta mata na biye, yaran unguwarmu duk a baya, a ƙasa, suna tafi suna tsalle. Sun haɗa waƙa tun daga ruga: mai jar katifa ya ga ƙaho, mai jar katifa ya bar takalmi. Iyayen suka ce su hau. Suka ƙi. Wai a kan babur ba a iya tafi. Haka suka shigo unguwa da ƙafafunsu, sun yi futu-futu da ƙura, ido na ƙyalli, babura na binsu a baya ba kowa a kai sai masu tuƙi. Tasalla ta ce Jamilatu sai da ta juya baya ta goge ido.

Shahida ce ta ƙarshe. Ta ratso mutane ta durƙusa gaban ubanta.

"Baba, ga takalminka. Maraƙi ya tauna igiyar."

Mai unguwa ya dafa aljihun gabansa, ya dubi sama, ba ko ɗigon gajimare.

"To, Allah ya kawo muna damina lahiya."

Amin ɗin Mannir har bakin kasuwa an ji ta.

Maharazu ya matso, ya rage murya. "Ranka ya daɗe, gobe da mi zan tahi wurin canji?"

"Ga takalmi an kawo maka."

Nan Tasalla ta ce ita ba ta iya ƙara tsayuwa ba, ta ɗauke tanda ta yo gidana.

Washegari da sassafe na sa aka fitar mani da kujera ƙofar zaure, gwiwa ko ba gwiwa. Ban daɗe ba sai ga Maharazu ya fito a ƙasa, yana ɗingishi, fuska a jikin katanga kamar mai neman abin da ya ɓace. 'Yan makaranta suka gan shi. Ba wanda ya tsaya jiran goyo ranar, duk suka jeru a bayansa suka ɗauki waƙar jiya. Ya ƙara sauri don ya tsere masu, suka ƙara. Jikata Hadijatu, wadda ko zaure aka aike ta sai ta zauna hutawa a hanya, tana tsaye kusa da ni tana ɗaga ƙafa ɗaya tana saukewa. Na gyara mata hijabi, na rataya mata gorar ruwa, na tura ta.

Na ce, "Bi su. Ki raka kawunki Maharazu har ƙofar makarantarku, kada ku bari ya huta. Amma in ya waiwayo ki durƙusa ki gaishe shi, babba ne."